Sapara Williams: Lauyan Farko Da Ya Ja Kunnen Gwamnati Daga Cikin Majalisarta

Duk shekara dubban matasa ne ke hallara a Abuja cikin baƙaƙen riguna da farar hular gashi, a rantsar da su a matsayin lauyoyi, iyaye da 'yan uwa na jiransu a waje da murna. Idan aka bi wannan dogon layi har zuwa mafarinsa, wanda za a tarar a gaba shi ne Christopher Alexander Sapara Williams, mutumin da aka bai wa izinin aikin lauya a Inner Temple ta birnin Landan ranar 17 ga Nuwamba, 1879. A lokacin ko sunan Najeriya ba a raɗa ba. Shi ne ɗan ƙasar nan na farko da ya kai wannan matsayi, kuma yawancin masu ambatonsa a nan suke tsayawa. Amma abin da ya yi da lauyancin ya fi zuwansa na farko muhimmanci, musamman shekaru goma sha uku da 'yan watannin da ya yi a majalisar dokokin Legas, kan kujerar da gwamna ya ba shi, yana faɗa wa gwamnan abin da ba ya son ji.

An haife shi ranar 14 ga Yuli, 1855, a Freetown ta ƙasar Saliyo. Mahaifinsa mutumin Ilesha ne, daga ƙabilar Ijesha ta ƙasar Yarbawa, mahaifiyarsa kuwa asalinta Egba. Yaƙe-yaƙen da suka ɗaiɗaita ƙasar Yarbawa bayan rushewar tsohuwar daular Oyo sun jefa dubban mutane hannun masu fataucin bayi, jiragen yaƙin Birtaniya kuma suna tare wasu daga cikin jiragen bayin a teku su sauke mutanen a Freetown. Mahaifin Williams yana cikin waɗanda aka 'yanta ta haka. A can irin waɗannan mutane suka karɓi addinin Kirista da sunayen Turawa, suka sa 'ya'yansu a makarantun mishan, amma zukatan da yawa daga cikinsu ba su bar gida ba. Da hali ya samu sai suka riƙa komawa Badagry da Abeokuta da Legas, inda mutanen gari suka laƙaba musu suna Saro. Iyalan gidansu Williams sun koma Legas a 1876.

Ya yi karatu a makarantar sakandaren mishan ta CMS da ke Freetown, daga nan ya wuce kwalejin Wesley a garin Sheffield na Ingila, kafin ya shiga karatun shari'a. Da ya dawo Afirka ta Yamma bai zarce Legas kai tsaye ba, sai ya fara aiki a ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yau. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin daga 1874 zuwa 1886 Legas tana ƙarƙashin gwamnan Gold Coast ne, tsarin kotunansu kuma ɗaya. Sai bayan an raba su, Legas ta samu nata gwamna da tata babbar kotu, sannan ya tattara ya dawo, aka shigar da sunansa cikin rajistar lauyoyin kotun a watan Janairun 1888.

Legas ɗin da ya tarar ƙaramin gari ne a kan tsibiri, wanda Sarki Dosunmu ya sa hannu ya miƙa wa Birtaniya a 1861. Akwai kotu irin ta Ingila, amma ƙwararrun lauyoyi ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka dokar babbar kotu ta 1876 ta bai wa alƙalin alƙalai ikon ba wasu masu ɗan ilimin boko lasisin wucin gadi su tsaya wa mutane a gaban shari'a, ko da ba su yi karatun lauya ba. Mai ƙara ya shigo da al'adar kakanninsa a kansa, alƙali Bature ya zo da littattafan Ingila, tafinta na tsakani. Williams ya san littattafan kamar yadda alƙalin ya san su, ya kuma san al'adar da alƙalin bai sani ba, kuma wannan ne ya ɗaukaka shi. Daga 1900 har rasuwarsa shi ne shugaban ƙungiyar lauyoyi.

Biyu daga cikin shari'o'in da ya tsaya a cikinsu har yau ɗaliban shari'a na karanta su. Ta farko ita ce ta Cole da Cole a 1898, rigimar gado tsakanin ɗan wani mamaci da ɗan'uwan mamacin. Mamacin ya yi auren coci a Saliyo, ɗan'uwansa kuma ya nemi gadon bisa al'adar gargajiya. Kotu ta yanke cewa auren cocin ya fitar da gadon daga hannun al'ada ya mayar da shi ƙarƙashin dokar Ingila. Hukuncin ya taɓa kusan kowane gidan Saro, kuma kotunan Najeriya sun shafe shekaru da dama suna kai-kawo a kansa, wasu na bin sa, wasu na rage masa kaifi. Ta biyu ita ce ƙarar da Babban Lauyan Gwamnatin Kudancin Najeriya ya shigar da kamfanin John Holt kan filayen bakin ruwan Legas da kamfanoni suka cike da ƙasa suka yi gine-gine. Maganar ta kai har kotun ƙoli ta daular Birtaniya a Landan, wadda ta yanke hukunci a 1915 cewa bakin ruwan na gwamnati ne. Abin da ya tayar da hankalin mutanen Legas a shari'ar shi ne tambayar da ke ƙarƙashinta: shin da Dosunmu ya miƙa mulki, har da filayen jama'a ya miƙa? Sai a 1921, a shari'ar Amodu Tijani, wannan kotu ta Landan ta tabbatar da cewa haƙƙin masu ƙasa bai faɗi ba.

Mutumin da aka haifa a Freetown, ya yi karatu a Sheffield, yake zaune a Legas, ina ne garinsu? Williams ya zaɓi Ilesha, garin da aka raba mahaifinsa da shi. Ya riƙe sunan Sapara na gidansu tare da na Turawan, ya zama ɗaya daga cikin jagororin Ijesha mazauna Legas. Wannan ba ƙaramar hidima ba ce a wancan zamani. Daga 1877 ƙasar Ijesha da Ekiti suna cikin yaƙin Kiriji da Ibadan, yaƙin da bai lafa gaba ɗaya ba sai 1893, kuma da ƙurarsa ta kwanta sai ga Turawa sun shigo da jami'ansu da dokokinsu. Garin da ke cikin daji, nesa da fadar gwamna, yana bukatar ɗansa da zai karanta masa takarda, ya rubuta masa koke, ya kuma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A 1896 ma wani ɗan kasuwa da ya daɗe a Legas, Frederick Haastrup, shi aka naɗa Owa, wato sarkin Ilesha. A shekarar ce kuma Williams, Kirista mai hular gashi, ya ɗauki nauyin wasan dodannin Egungun na gargajiya, abin da da yawa daga cikin 'yan bokon lokacin ke kallo a matsayin koma-baya. Sarakuna sun lura da wannan. Ilesha ta saka masa da sarautar Lodifi.

Ba shi kaɗai ne gidan ya bayar ba. Ƙanensa, Dakta Oguntola Sapara, ya ajiye sunan Williams gaba ɗaya, ya yi aikin likita a gwamnatin Legas sama da shekara talatin. Shi ne ya shiga ƙungiyar masu bautar gunkin agana a ɓoye, ya gano yadda wasunsu ke yaɗa cutar da gangan, bayanin da ya kai ga haramta ƙungiyar. Ya kuma yi fafutukar rage mutuwar mata wajen haihuwa, bayan da 'yar'uwarsu ta rasu a kan gwiwa.

A watan Oktoban 1901 Gwamna William MacGregor ya naɗa Williams ɗan majalisar dokokin Legas. Yana da kyau a fahimci irin majalisar, don kada a ɗauka irin ta yau ce. Gwamna ne shugabanta, manyan ma'aikatansa Turawa ne suka fi yawa a cikinta, kuma wajibi ne su bi bayansa idan an zo ƙuri'a. 'Yan tsirarun da ba ma'aikatan gwamnati ba, shi yake zaɓo su, shi kuma yake sabunta musu wa'adi. Ba a fara zaɓen ko mutum guda ba sai bayan tsarin mulkin Clifford na 1922, wanda ya bai wa Legas kujeru uku, Kalaba ɗaya. Ke nan duk wanda ya zauna a kujerar da Williams ya zauna ya san tun kafin a fara muhawara cewa ba zai yi rinjaye ba, ya kuma san wanda ya ɗora shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin girmansa, kuma akwai waɗanda suka bi ta.

A 1903 aka kawo dokar jaridu, wadda ta wajabta wa duk mai son buga jarida ya kawo masu tsaya masa kan fam 250, kuɗi mai yawa ga masu ƙananan maɗaba'u na Legas. Williams da abokan zamansa 'yan ƙasa, Charles Joseph George da Dakta Obadiah Johnson, suka ƙi amincewa. Dokar ta wuce. A shekarar dai aka yi rigimar kuɗin fito da sarakunan Abeokuta da Ibadan ke karɓa a hannun fatake, wanda kamfanonin Turawa suka matsa a soke. Da gwamna ya nemi shawararsu, su ukun suka ce a bar wa sarakuna abinsu, domin sarautar da ba ta da kuɗin shiga nata ta zama 'yar amshin shata. A wannan karon ra'ayinsu ya zo ɗaya da na MacGregor, aka bar fiton. Bayan shekara biyu Williams ya je Ingila, ya miƙa wa ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka wasu shawarwari, ciki har da kafa kwalejin horar da malamai a Legas, da kuma cewa gwamnoni su riƙa ɗorawa a kan manufofin waɗanda suka gada. Daga 1891 zuwa lokacin Legas ta ga gwamnoni huɗu, Carter da McCallum da MacGregor da Egerton, kowa da inda ya sa gaba. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin sabon minista ya jingine aikin tsohon minista ya san ciwon da yake magana a kai.

Akwai wani ƙudurinsa da ya shafi Arewa kai tsaye. Ya nemi a gyara iyakar da ke tsakanin Kudu da Arewa ta yadda duk masu magana da Yarbanci za su koma ƙarƙashin gwamnati guda, wato a ɗebe yankunan Ilorin da Kabba a mayar da su Kudu. Frederick Lugard bai yarda ba, iyakar ta zauna kusan yadda take. A nan za a iya cewa Williams ya dubi harshe ya kau da kai daga tarihi, domin masarautar Ilorin ta shafe shekaru kusan tamanin tana bin Gwandu kafin zuwan Turawa, kuma mubaya'a ma dangantaka ce. Sai dai tambayar da ya ɗaga ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a gaban kwamitin Willink a 1957 zuwa 1958, ba ta kuma sami wata irin mafita ba sai da aka ƙirƙiro Jihar Kwara a 1967. Wani abin sha'awa, lauyan farko da Jihar Arewa ta samu, Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq, ɗan Ilorin ne, kuma shi ma a Landan aka rantsar da shi, a 1955, shekara saba'in da shida bayan Williams.

Babbar ranarsa a majalisa ta zo a 1909. Zamanin Gwamna Walter Egerton zamani ne na manyan ayyuka da kuma babban fushi. Gwamnati ta karɓe filayen mutane don gina gidajen ma'aikatanta, ta kuma shirya ɗora wa jama'a harajin ruwan famfo domin aikin ruwa na Iju, wanda mutanen gari ke ganin Turawa ne za su fi morarsa. A 1908 dubban mutane suka yi zanga-zanga zuwa gidan gwamna, kasuwanni suka rufe. A shekarar kuma Herbert Macaulay ya fitar da wata ƙasida yana zargin almundahana a hukumar jirgin ƙasa. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce dokar hana tunzura jama'a, wadda aka kwaikwayo daga dokokin da Birtaniya ke mulkin Indiya da su. A ƙarƙashinta, duk wanda ya faɗi ko ya rubuta abin da zai sa a ƙi gwamnati ko a raina ta, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu.

Williams ya tashi ya yi suka mai tsawo. Ya ce babu wata alamar tawaye a ƙasar da za ta sa a ɗauko dokar da aka yi domin wani wuri mai wani hali na daban, kuma tunzura jama'a ga tawaye ba halin Yarbawa ba ne. Ya kafa hujja da 'yancin 'yan jarida da Ingila kanta ke alfahari da shi a gida. Amma hujjarsa mafi nauyi ba ta shafi Egerton ba. Ya ce ko da an yarda cewa masu mulkin yau suna da kyakkyawar niyya, doka tana daɗewa fiye da wanda ya yi ta, kuma wata rana za a sami jami'ai marasa jure suka, waɗanda za su ɗauki kowace gyara a matsayin tunzuri, kowane taron jama'a a matsayin laifi. Wannan magana ce ta wanda ya san ofis daga ciki. Ya san cewa wanda ya tsara doka ba shi ke aiwatar da ita ba. Tana sauka ne a teburin wani ƙaramin jami'i da aka ɓata wa rai, ko wani hadimi mai son faranta wa maigidansa. Majalisa ta saurare shi, aka kaɗa ƙuri'a, dokar ta wuce kamar yadda kowa ya sani za ta wuce.

Bai tsaya a zauren majalisa ba. Shi ne ya ƙarfafa wa Macaulay gwiwa ya kira taron kafa reshen Legas na ƙungiyar yaƙi da bauta da kare haƙƙin 'yan ƙasa, wanda aka yi ranar 30 ga Agusta, 1910. Uwar ƙungiyar tana Landan, tana da masu sauraronta a majalisar dokokin Birtaniya, don haka reshen ya zama wata hanya ta kai kuka sama da kan gwamna. Babban abin da ya sa a gaba shi ne filaye, saboda fargabar kada a shimfiɗa wa Kudu irin dokar da aka yi wa Arewa a 1910, wadda ta sa duk ƙasa a hannun gwamna. An kauce wa hakan a lokacin, ko da yake dokar amfani da filaye ta 1978 ta zo ta yi wa ƙasar gaba ɗaya kusan abin da suka guda. Taron na 1910 kuma shi ya bai wa Macaulay dandalin da ya tsaya a kai har ya zama jagoran siyasar Legas.

Ba daidai ba ne a mayar da Williams abin da bai zama ba. Bai nemi Turawa su tattara su tafi ba, kuma da wuya a ce ya hango ƙasa mai cin gashin kanta. Mutum ne da ya yarda da daular Birtaniya, yake neman ta cika alkawuran da take yi da bakinta. Gwamnatin da yake suka ita ce ta ba shi lambar girma ta CMG, ya kuma karɓa. Matasan da suka biyo baya sun ɗauki irinsa a matsayin masu sanyin hali, 'yan boko masu rubuta koke cikin ladabi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a zamanin da babu ƙuri'a, babu jam'iyya, abin da ɗan majalisa ɗan ƙasa ke da shi kawai shi ne ya sa a rubuta a kundin majalisa cewa an faɗa wa gwamnati gaskiya a ranar da ta yi kuskure, kuma ya yi hakan ba sau ɗaya ba, yana sane da cewa wa'adinsa na hannun wanda yake sukar.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da koma-baya ga sana'arsa. Da Lugard ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya ɗauko tsarin kotunan lardi da ya yi amfani da shi a Arewa ya shimfiɗa a Kudu. Aka taƙaita hurumin babbar kotu ga Legas da wasu 'yan garuruwan kasuwanci, jami'an mulki suka zama alƙalai a larduna, aka kuma hana lauyoyi tsayawa a gabansu ko da a shari'ar kisa ce. Lauyoyi da jaridun Legas sun yi ta kuka, ba a saurare su ba, tsarin ya ci gaba har 1933. Garuruwa irin su Ilesha, waɗanda suka fi kowa bukatar mai tsaya musu, su ne aka rufe wa ƙofa. Ita ma majalisar dokokin aka rage mata iko ya tsaya a kan Legas kaɗai. Cikin wannan hali Williams ya rasu ranar 15 ga Maris, 1915, yana da shekara 59.

Bai ga cikar maganarsa ba, amma ba ta jima ba. A 1916 aka gurfanar da James Bright Davies, dattijon editan jaridar Times of Nigeria, bisa laifin tunzura jama'a saboda sukar mulkin Lugard. Aka ci shi tara, daga baya aka ɗaure shi. Laifin ya shiga kundin dokokin manyan laifuffuka, Turawa suka yi ta amfani da shi a kan 'yan kishin ƙasa, da suka tafi kuma suka bar shi a hannun 'yan ƙasa. A 1961, shekara guda bayan samun 'yanci, gwamnatin tarayya ta gurfanar da Dakta Chike Obi a kan wata ƙasida, kotun ƙoli ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Sai a 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya rubuta yana sukar Gwamna Jim Nwobodo na Anambra, kotun ɗaukaka ƙara da ke Enugu ta sallame shi, ta ce dokar ba ta dace da 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin 1979 ya tanada ba. Shekara saba'in da huɗu ke nan bayan muhawarar Legas. Sassan da suka yi maganar laifin suna nan a rubuce cikin kundin dokokin tarayya, sunan Sapara Williams kuma yana jikin allon wani ɗan gajeren titi a Victoria Island.